Gwajin Ƙa'idojin Faɗa a Wasan Bidiyo na Pokémon: Darasi ga Nazarin Dara da Dambe a Yankin Garun Malam

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da masu sha'awar wasan bidiyo na Pokémon suke bi wajen gwada ƙa'idojin faɗa da halayen dabarun da ke cikin wasan, da nufin fito da darasin da hakan ke ɗauke da shi ga manazarta wasannin gargajiya na Hausa. An ɗora nazarin a kan ra'in matakan ƙa'ida uku na Salen da Zimmerman. An kawo misalai biyar da ke nuna saɓani tsakanin ƙa'idar da aka faɗa da wadda ke aiki a zahiri, tare da lissafin yawan gwajin da ake buƙata kafin a yanke hukunci. Daga nan aka duba yadda za a yi amfani da wannan hanya a kan dara da dambe a yankin noman rani na Garun Malam da Kura da Bunkure. Maƙalar ta tabbatar da cewa hira ita kaɗai ba ta wadatar wajen taskace ƙa'idojin wasa, ta kuma nuna iyakar da kwatancin yake da ita.

Fitilun Kalmomi: wasa, ƙa'ida, gwaji, Pokémon, dara, dambe, Garun Malam

1.0 Gabatarwa

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen tattara bayanan wasannin gargajiya ita ce hira. Manazarci kan sami dattijo ko gwanin wasa ya tambaye shi yadda ake yi, ya rubuta abin da ya ji, daga nan bayanin ya shiga kundin digiri. Mai bincike na gaba sai ya ɗauko daga wannan kundi, na bayansa ma haka, har maganar mutum ɗaya ta zama ita ce ƙa'idar wasan a rubuce. Haɗarin da ke tattare da wannan shi ne, idan akwai tazara tsakanin abin da gwani ya faɗa da abin da yake aikatawa a fage, tazarar za ta ci gaba da ɓuya, domin babu wanda ya koma ya duba. A lokacin da wasanni irin su dara suke fuskantar gogayya daga wayar hannu da gidajen kallon ƙwallo, kuskuren da aka rubuta yau yana iya zama shi kaɗai ne abin da 'yan baya za su gada.

Akwai wata al'umma ta 'yan wasa da ta fuskanci irin wannan matsala, ta kuma samar mata da magani. Su ne masu gasar faɗa a wasan Pokémon, waɗanda suka shafe shekaru suna gwada kowace ƙa'ida da kowace dabara ta wasan. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda suke wannan gwaji, da abin da suka gano, da kuma abin da nazarin Hausa zai iya ara daga gare su.

2.0 Taƙaitaccen Bayani kan Wasan

Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiri Pokémon, kamfanin Nintendo kuma ya fitar da shi a kan na'urar hannu ta Game Boy ranar 27 ga Fabrairu, 1996. Jagoran ƙirƙirarsa, Satoshi Tajiri, ya taso yana kamun ƙwari yana tarawa, daga nan tunanin wasan ya samo asali. Ya isa Amurka a 1998 da sunan Red da Blue. A zubin farko akwai nau'o'in dodanni 151, a yau kuwa sun haura dubu. Tun daga 2009 ake gudanar da gasar duniya ta wasan bidiyon a hukumance.

2.1 Tsarin Faɗa da Kalmominsa

Ɗan wasa yana shiga faɗa da dodanni da ba su wuce shida ba, kowane dodo kuma yana riƙe da dabaru da ba su wuce huɗu ba. Ana faɗan ne bi-da-bi: kowane ɓangare ya zaɓi dabararsa a ɓoye, sannan na'ura ta zartar, wanda ya fi sauri shi ke fara bugu. A wannan maƙala an yi amfani da kalmar “dabara” ga duk wani mataki da dodo zai ɗauka, ko na duka ko na kariya ko na jinya. “Ma'aunin rai” shi ne adadin da ke raguwa idan an sha duka, “lahani” shi ne abin da aka rage, “saiti” shi ne yiwuwar dabara ta sami abokin karawa, “bugun makasa” kuwa shi ne dukan da ke zuwa jefi-jefi da lahani fiye da na kullum. Lambar da na'ura ke zarowa domin yanke abin da ya rataya a kan sa'a an kira ta “ƙuri'a”.

Kowane dodo da kowace dabara suna da jinsi. Ruwa yana cin Wuta, Wuta tana cin Tsiro, Tsiro yana cin Ruwa. A zubin farko jinsunan 15 ne, suka zama 17 a 1999, sannan 18 a 2013.

2.2 Lissafin Lahani

Na'ura tana ninka matakin dodo sau biyu, ta raba da biyar, ta ƙara biyu. Sakamakon sai ta ninka shi da ƙarfin dabara da ƙarfin harin mai duka, ta raba da kariyar wanda aka doka, ta sake rabawa da 50, ta ƙara biyu. A misali, dodo mai mataki 50 da ya yi amfani da dabara mai ƙarfi 80, alhali harinsa da kariyar abokin karawarsa duk 100 ne, lissafin zai ba da 22, sannan 1,760, sannan 35 bayan an zubar da ɓurɓushi, a ƙarshe 37. A sababbin zubi ƙuri'a tana zaɓar ɗaya daga lambobi 16, daga kashi 85 zuwa 100 cikin ɗari, don haka lahanin zai faɗa tsakanin 31 da 37. Idan jinsin dabarar ya dace da na mai ita, ana ƙara rabi, ya koma 46 zuwa 55. Idan kuma jinsin yana cin na abokin karawa, ya ninka zuwa 92 har 110.

Abin lura shi ne wasan ba ya nuna wa ɗan wasa wannan lissafi. Masu bincike ne suka tono shi.

3.0 Ra'in Nazari

A littafinsu Rules of Play na 2003, Katie Salen da Eric Zimmerman sun kasa ƙa'idojin wasa gida uku. Akwai ƙa'idojin aiki, wato waɗanda ake faɗa wa mai koyo ko ake rubutawa a takardar jagora. Akwai ƙa'idojin tushe, wato tsarin lissafi da ke ƙarƙashin wasan, wanda 'yan wasa ba lallai su iya furta shi ba. Sai ƙa'idojin ɗabi'a, waɗanda ba a rubuta su amma kowa ya san karya su abin kunya ne, kamar jan lokaci da gangan. Tun kafin su, Roger Caillois a 1958 ya bambance wasannin gwaninta da na sa'a. Pokémon ya haɗa biyun, shi ya sa gwada shi yake da wuya: abin da ya faru sau ɗaya ba a iya tantance ko ƙa'ida ce ta haifar da shi ko ƙuri'a.

Hira tana isa ga mataki na farko kai tsaye, tana kuma taɓa na uku. Mataki na biyu kuwa sai an gwada.

4.0 Hanyoyin Gwaji

4.1 Tsare Komai, a Sauya Abu Ɗaya

Mai gwaji yana haɗa na'urori biyu domin ya mallaki ɓangarorin faɗan duka. Yana amfani da dodanni biyu da ya san dukkan alƙalumansu, ya maimaita dabara ɗaya, ya rubuta sakamako. Daga nan ya sauya abu guda kawai, kamar jinsin wanda ake duka ko yanayin sama, ya sake. Idan ya sauya abu biyu a lokaci ɗaya, ba zai san wanne ne ya kawo bambancin ba.

4.2 Maimaitawa

Yawan maimaicin ya danganta da ƙarancin abin da ake nema. Idan ana zaton wani abu yana faruwa sau 30 cikin ɗari, aka gwada sau 20 bai faru ba ko sau ɗaya, yiwuwar hakan ta zo bisa sa'a ba ta kai ɗaya cikin dubu ba, don haka zaton ya rushe. Idan kuwa abin yana faruwa sau ɗaya ne cikin 256, gwaji ɗari ba ya wadatarwa, domin yiwuwar a gama su ba a gan shi ba ta kai kusan kashi 68 cikin ɗari. Sai an yi gwaji 766 kafin yiwuwar ganinsa aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 95.

Haka abin yake wajen bambance adadi biyu makusanta. A wasannin 2013 bugun makasa yana zuwa sau ɗaya cikin 16, daga 2016 kuma ya koma sau ɗaya cikin 24. A gwaji 480 ana sa ran ganin 30 a tsohon tsari da 20 a sabo, tazarar da sa'a kaɗai za ta iya cikewa. A gwaji 2,400 kuwa ana sa ran 150 da 100, wanda ba ya barin shakka.

4.3 Karanta Rubutun Manhaja

Hanya ta uku ita ce warware manhajar wasan a karanta umarnin da ke cikinta. Masu sa-kai sun warware manhajar Red da Blue gaba ɗaya, sun ajiye ta a intanet. Duk da haka ba a karɓar abin da aka karanta sai an tabbatar da shi a kan na'urar asali, saboda mai karatu yana iya yi wa layi mummunar fahimta. Sakamakon da ya tsallake waɗannan matakai shi ake shigarwa a manhajojin kwaikwayo irin su Pokémon Showdown, wadda aka buɗe a 2011, ƙungiyar 'yan gasa ta Smogon, da aka kafa a 2004, ta kuma ɗauke ta a matsayin fagenta a 2012.

5.0 Misalan Abin da Gwaji Ya Tono

5.1 Saiti Ɗari bisa Ɗari da ke Kuskurewa

A zubin farko, na'ura tana zaro ƙuri'a daga 0 zuwa 255, ta kwatanta da saitin dabara. Saiti ɗari bisa ɗari an rubuta shi a matsayin 255, sharaɗin samu kuma shi ne ƙuri'a ta gaza saitin. Idan 255 ta fito, ba ta gaza 255 ba, sai dukan ya wuce. Ta haka kusan kowace dabara da ake cewa ba ta kuskure tana kuskurewa sau ɗaya cikin 256.

5.2 Dabarar da ke Cin Gida

An tsara Focus Energy domin ta ninka yiwuwar bugun makasa sau huɗu. A Red da Blue raba ta take yi da huɗu. A wannan zubi yiwuwar tana bin saurin asali na dodo: Tauros mai sauri 110 yana samun 55 cikin 256, kimanin kashi 21 cikin ɗari, Snorlax mai sauri 30 kuwa 15 cikin 256, kimanin kashi 6. Duk wanda ya dogara da bayanin dabarar ya ɓata zagaye guda wajen raunana kansa, wato dara ta ci gida. An gyara wannan a Pokémon Stadium na na'urar Nintendo 64.

5.3 Fatalwa da Ƙwaƙwalwa

Littattafan jagora da fim ɗin zane na Pokémon sun koyar da cewa jinsin Fatalwa yana cin jinsin Ƙwaƙwalwa, wanda wasan ke kira Psychic. A cikin jadawalin na'ura kuwa an rubuta cewa dabarar Fatalwa ba ta yi masa komai. Wannan yana daga dalilan da suka sa jinsin Ƙwaƙwalwa ya mamaye zubin farko, har sai da aka gyara a zubi na biyu. A nan hukumar wasan da kanta ce ta faɗi ƙa'idar da ba ta aiki.

5.4 Ƙa'idar da ta Ɓuya Shekara 18

Body Slam dabara ce ta jinsin Gama-gari, wanda wasan ke kira Normal, tana kuma sandarar da abokin karawa kimanin sau 30 cikin ɗari. A ƙarshen 2014 wani mai bincike da ke karanta manhajar zubin farko ya nuna cewa ba ta iya sandarar da dodon da jinsinsa ɗaya da nata. Tauros da Snorlax da Chansey, waɗanda suke cikin dodannin da aka fi amfani da su a gasar wannan zubi, duk 'yan Gama-gari ne, don haka binciken ya sauya yadda ake shirya faɗa.

Kamar yadda aka gani a 4.2, gwaji 20 ya isa ya tono wannan ƙa'ida. Abin da ya ɓoye ta shi ne yawancin gasar an yi ta ne a manhajojin kwaikwayo, waɗanda aka gina a kan bayanin da kowa ya yarda da shi. 'Yan wasa sun riƙa ganin Body Slam tana sandarar da Chansey a gaban idonsu, sai kwafin ya zama shaida a kan asali. Wannan shi ne misali mafi kusa da halin da kundin bincike yake shiga idan ya dogara da kundin da ya gabace shi.

5.5 Ƙuri'ar da ba ta Sauyawa

An fitar da Scarlet da Violet ranar 18 ga Nuwamba, 2022. Cikin 'yan kwanaki masu gwaji suka lura cewa a fagen gasa na intanet wata dabara mai saiti 90 cikin ɗari tana kuskurewa duk lokacin da aka buɗe faɗa da ita a yanayi iri ɗaya. Dalili shi ne kowane faɗa yana farawa da tushen ƙuri'a guda, don haka wanda ya gane jerin yana iya sanin abin da zai biyo baya. An gyara matsalar a farkon Disamba. Bambancin 'yan kwanaki da shekara 18 yana nuna amfanin al'ummar da ta mayar da gwaji ɗabi'a.

6.0 Amfani da Hanyar a Yankin Garun Malam

6.1 Gonar Gwaji

Ƙaramar Hukumar Garun Malam tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, tana kuma cikin shirin noman rani na Kogin Kano tare da Kura da Bunkure. Ruwan shirin yana fitowa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce kuma ke kula da shi. Ana noma shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir, kasuwar Kwanar Gafan kuwa ta shahara da cinikin tumatir. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Zaɓen wannan yanki yana da dalili. Ƙa'idojin gwaji na zamani a gona aka haife su: Ronald Fisher ya fara aiki a tashar noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya kuma wallafa The Design of Experiments a 1935. Manomin da ya raba fadamarsa biyu, ya zuba iri daban a kowane ɓangare, ya ba su ruwa da taki daidai wa daida, yana yin abin da aka bayyana a 4.1. Wanda ya ƙi yanke hukunci a kan sabon iri sai ya ga shekara biyu ko uku yana yin abin da ke 4.2. Saboda haka manazarcin da ya je yankin ba ya buƙatar doguwar fassara kafin jama'a su fahimci abin da yake nufi da gwaji. Ya isa ya ce zai yi wa dara gonar gwaji.

6.2 Dara

Darar da ake nufi a nan ita ce mai gurabe 30, layi biyar a shida, inda kowane ɗan wasa yake da 'ya'ya 12. Ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsar da su gurbi guda, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Wannan ita ce ƙa'idar aiki, kowane gwani zai faɗe ta. Inda bayanai suke saɓawa shi ne a gefuna. Mene ne hukuncin wanda matsinsa ya jera huɗu? Ana iya cin ɗa daga layin ukun da abokin wasa ya riga ya kafa? Idan matsi ɗaya ya kafa layi biyu, ɗa nawa ake ci? Me ake yi idan mutum ya rasa inda zai matsa?

Maimakon a yi waɗannan tambayoyi da baki, manazarci zai tona gurabe ya shirya 'ya'yan a yanayin da ake tababa a kansa, ya nemi mutum biyu su ci gaba da wasa daga nan, ya lura da abin da suka yi da abin da 'yan kallo suka ce. Zai kai wannan shiri ɗaya majalisu daban-daban, a ce a Garun Malam da Chiromawa da Kadawa da Kura, ba tare da wata majalisa ta ji hukuncin wata ba. Zai rubuta shekarun 'yan wasan da garin da suka koyi wasan, domin yankin noman rani yana karɓar baƙi masu zuwa aikin gona da fatauci, kowa kuma yana iya zuwa da darar garinsu. Sai bayan an gama wasa zai yi hira, ya kwatanta abin da aka faɗa da abin da aka yi.

Akwai kuma ƙa'idar tushe da babu gwanin da zai iya tabbatar da ita da baki, wato ko mai fara jeri yana da rinjaye. Wannan sai an ƙirga wasanni masu yawa tsakanin gwanaye masu kusancin ƙarfi, ana musanya mai farawa.

6.3 Dambe

A dambe ana naɗe hannu ɗaya da zare domin duka, ɗayan kuma ya zama garkuwa. Ana yin turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ba a shirya wa ɗan dambe yanayi yadda ake shirya gurbin dara, domin jiki da mutunci ne a fage. Abin da ya rage shi ne ƙirga, wanda bidiyon waya da tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors suka sauƙaƙa.

A ɗauka ana son a gwada zancen cewa bahago ya fi wuyar karawa. Idan aka tattara karawa 40 da aka yi kisa tsakanin bahago da mai naɗin dama, kuma babu wani rinjaye na haƙiƙa, ana sa ran bahago ya ci kimanin 20. Sai dai sa'a kaɗai tana iya ba da kowane adadi daga 14 zuwa 26 a kusan kashi 96 cikin ɗari na lokuta. Don haka nasara 24 ba hujja ba ce, ko da ta burge mai kallo. Wajibi ne kuma a rubuta karawar da aka tashi babu kisa, a kuma kula cewa masu ɗora bidiyo sun fi son wanda aka yi kisa mai ban mamaki. Wanda ya ƙirga abin da ke intanet kawai ya maimaita kuskuren manhajar kwaikwayo, wato ya auna kwafi a madadin fage.

Ta wannan hanya ana iya duba yadda alƙalai suke hukunta dukan ƙafa da riƙo da turi, a gani ko hukuncin ɗaya ne a damben kaka na ƙauye da na gidajen dambe na birni.

7.0 Iyakar Kwatanci

Pokémon yana da alƙali na ƙarshe, wato manhajar da ke cikin na'ura. Idan littafin jagora ya saɓa mata, littafin ne ya yi kuskure. Dara da dambe ba su da irin wannan alƙali, ƙa'idarsu tana zaune ne a cikin yardar masu yi. Idan majalisar Kadawa ta hana cin ɗa daga kafaffen layi, ta Kura kuma ta halatta, babu wadda ta yi kuskure. Matsayinsu kamar na karin harshe ne, inda Sakkwatanci ba gurɓataccen Kananci ba ne. Aikin manazarci shi ne ya zana taswirar bambancin. Idan ya zaɓi ɗaya ya kira ta sahihiya, ya zama mai kafa doka, rubutunsa kuma zai iya kashe sauran.

Iyaka ta biyu ita ce na'ura ba ta san ana kallonta ba, mutum kuwa ya sani. Majalisar da baƙo mai littafi ya zauna a cikinta tana iya tsananta ƙa'idar da ta saba sassautawa, ko ta bar hukunci ga wanda ya fi shekaru saboda kara. Maganin wannan shi ne dogon zama har a saba, da neman izini kafin ɗaukar hoto ko murya, da kuma rubuta wa ya yanke hukunci da yadda aka karɓe shi, domin a nan ne ƙa'idojin ɗabi'a suke bayyana.

8.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, ƙa'idar da aka faɗa tana iya saɓa wa wadda ke aiki ko da daga bakin mai wasan ta fito. Na biyu, kuskuren da ya shiga kwafi yana daɗewa fiye da wanda ke da wuyar ganowa, saboda kwafin yana hana a yi tambaya. Na uku, yawan shaidar da ake buƙata abu ne da ake iya lissafawa tun kafin a fita fage. Na huɗu, Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki wannan fanni, kamar makasa da saiti da ƙuri'a da turmi da gurbi, wanda zai amfani masu son fassara wasannin bidiyo ko ƙirƙirar manhajar dara. Duk mai irin wannan manhaja dole ya zaɓi hukunci ɗaya a kan kowace tambaya da ke 6.2, abin da ya zaɓa kuma shi yara za su ɗauka a matsayin dara.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana tsarin faɗa a wasan Pokémon, da hanyoyi uku na gwada shi, da misalai biyar na abin da gwajin ya tono daga wasannin 1996 zuwa na 2022. Ta kuma nuna yadda za a ɗauki tsarewa da maimaitawa a kai su majalisun dara da fagagen dambe na Garun Malam da kewaye, tare da kiyaye cewa bambanci a wasan gargajiya ba kuskure ba ne. Ana ba da shawarar cewa sassan nazarin Hausa su buƙaci duk ɗalibin da ya rubuta ƙa'idar wasa ya bayyana ko ji ya yi ko gani, a wane gari, kuma sau nawa. Haka nan a sake ɗaukar ƙa'idojin da ke cikin tsofaffin kundaye a kai su gaban gwanayen da suka rage, a shirya musu gurbi, a ga abin da za su yi.